Mutumin da Ya Ci Igiyar Jirginsa da Wuƙa

An yi wani mutum a nan garinmu na bakin ruwa, a kudancin Luwiziyana ta ƙasar Amurka. Ba zan kama sunansa ba, don 'ya'yansa suna raye.

Yana da farin jirgin ruwa na shaƙatawa, irin wanda ake fita da shi ranar Asabar a kama kifi biyu a ɗauki hoto goma. Injin ya mutu shekara biyu. Gyara ya fi ƙarfinsa, mai saye kuma babu. Amma takardar inshora ta ce idan guguwa ta hallaka jirgin, za a biya shi cif.

Kun san abin da maza ke faɗi a wurin shan kofi, wai cutar kamfani ba sata ba ce, tunda kamfani ba shi da jini. Tun ina budurwa nake jin wannan magana. To wa ya gaya musu a kan kamfani wuƙar take tsayawa?

Rediyo ya ce guguwa tana tafe. Kowa ya yi yadda aka saba: a ɗaure jirgi da igiya shida a turakun mashigin ruwa, a zura tsohon tiyo a inda igiya ke goga, a ɗauki hoto a aika wa 'yan inshora. Shi ma ya yi, ya aika. Da mutane suka koma buga katako a tagogi, sai ya zare tiyon, ya sa wuƙa ya ci rabin kaurin kowace igiya.

Matarsa ta kwashe yara ta yi arewa. Shi ya zauna wurin mahaifinta, Alcide Cheramie, tsohon mai kamun jatan lande, wanda gidansa ke kan dogayen ginshiƙai yana kallon mashigin. So yake ya ga nitsewar jirgin da idonsa.

Iska ta iso da safe. Ta yaye kwano kamar takarda, ta karya itatuwa, ruwa ya haura titi. Da azahar sai ta ɗauke ɗif, kamar yadda takan yi idan tsakiyarta ta zo. A ɗan wannan sarari ne tsofaffinmu kan fita su duba igiyoyi, nasu da na maƙwabta.

Alcide ya leƙa ta taga. "Kai Kyaftin, wane irin ɗauri ka yi? Huɗu sun tsinke! Jikata ta fi ka iya ƙulli."

"Baba, bar shi. Akwai inshora."

"Inshorar ce za ta tare shi in ya nufi gidan Odile? Tsohuwar tana ciki, a keken guragu. Miƙo min igiyar can, malalacin banza."

Ya 'yan uwa, ku tsaya a nan. Me ya rage masa? Magana ɗaya tak: Baba, kada ka taka jirgin nan, sauran biyun ma na yanka su. Ya buɗe baki. Ya tuna kotu, ya tuna fuskar matarsa. Sai ya miƙa igiyar.

Tsohon ya sauka kwata, inda ake ɗaure jirage, ya ɗora ƙafa ɗaya a jirgi. Iska ta dawo ta ɗaya ɓangaren, ba sallama. Igiya ta biyar ta tsinke da ƙara kamar bindiga, ta zabge shi a fuska, ta tafi da idonsa. Ya faɗa tsakanin jirgi da turke. Jirgin ya ja baya, ya dawo. Ya ja, ya dawo. Sau uku mutumin nan yana tsaye a matakala yana jin ƙasusuwan surukinsa suna karyewa, ruwan gefen kwata ya yi ja. Igiya ta shida ta tsinke, jirgin ya bi mashigi ya karya ginshiƙin gidan Odile, ya kifar da rabin ɗakinta. Allah ne ya yi da sauran kwananta.

Bayan kwana biyu 'ya'yan Alcide maza, Norris da Elton, suka ciro gawar ubansu daga cikin ciyawar fadama. Suka dawo kwata suka ɗaga guntayen igiya. Wanda ya girma a ruwa ba ya rikita igiyar da ta gaji da wadda aka yanka.

Norris ya ce, "Zo nan, suruki. Wane ɓera ne mai haƙori haka a miƙe?"

Elton ya ɗauki sandar ƙugiya ta jan jirgi. Suka karya masa muƙamuƙi, suka karya hannun dama, suka danna kansa cikin laka har sai da maƙwabta suka ɓamɓare su. Daga asibiti aka wuce da shi kurkuku. Matarsa ba ta je ko sau ɗaya ba. Ta mayar da yaran sunan gidan ubanta.

Mutane suka ce kwaɗayi ne ya kashe Alcide. Ni ban yarda ba. Kwaɗayi igiya kawai ya yanka, kuma a lokacin ƙofar tuba a buɗe take. Abin da ya kashe tsohon nan shirun da aka yi ne a bakin taga, don kada a ji kunya. Zunubi na farko yakan zo da ƙanensa ya tsare masa ƙofa, ƙanen kuwa ya fi shi mugunta.

Ya 'yan uwa, wanda ya san ya ɓata wani abu a ɓoye, kuma ga wani bawan Allah zai ɗora ƙafa a kai, ya faɗa yau. Kunya ba ta kai jini ba.

Allah ya kiyaye mu daga aikin da za mu ɓoye, ya kuma buɗe bakinmu tun da sauran lokaci. Amin.