Shukar da Baba Direba Ya Kai Rana

Akwai wata mata mai ɗinki da ke zaune a gidan haya, ɗakinta kusa da na yayan marigayi mijinta. Shi tsohon direban babbar mota ne, kowa Baba Direba yake ce masa.

A bakin tagarta akwai tukunya rataye da igiya. Shukar da ke ciki dangin murtsunguwa ce, amma ba ta da ƙaya. Rassanta sirara ne, kore shar, suna zubowa kamar kitso. Mijinta ne ya dasa ta kafin ya kwanta ciwo, kuma ita kaɗai ce abu mai rai da ya bar mata.

Da mahaifiyarta ta yi rashin lafiya, dole ta tafi jinya. Ta kai wa Baba Direba tukunyar, ta durƙusa.

"Yaya, ga amana. Inuwa take so. In ƙasar ta bushe daga sama, a ɗan ba ta ruwa."

Ya yi dariya. "Ni za ki koya wa? Na ratsa hamada tun ba a haife ki ba. Irin wannan a tsakiyar rana suke, ko raɓa ba sa gani."

"Wannan ta kurmi ce, Yaya. A jikin bishiya take fitowa."

"To, Malama, na ji. Allah ya kiyaye hanya."

A asibiti hankalinta ya rabu biyu. Ta ɗauki waya, ta ajiye, ta sake ɗauka. Duk sanda ta kira, amsarsa ɗaya ce: "Tana nan ƙalau. Na ɗora ta kan katanga ta sha iska."

Kan katanga! Ku lura, an faɗa masa dalla-dalla, ba a bar masa wurin kuskure ba.

Ranar da ta dawo, ko jaka ba ta sauke ba ta nufi katangar. Rassan sun yi jajir, sun yamushe, wasu sun kakkarye. Ta sauko da tukunyar.

"Dama ke kika sangarta ta," in ji Baba Direba. "Shuka sai ka ce jaririya!"

Yayan miji ne, sai ta wuce da tukunyarta. Ta shiga ɗaki, ta tsince 'yan guntayen da ke da sauran kore, ta bari bakinsu ya bushe, ta soka su a ƙasa mai laushi. Daga nan ba ta da sukuni. Ta yi layi ɗaya a keke, ta tashi ta leƙa. Har hannun riga ta taɓa ɗinkawa a baibai.

Yawancin guntayen suka ruɓe. Guda ɗaya ya kama, ya fitar da tsiro.

Baba Direba ya leƙo ta taga ya ce, "Kin gani? Ai na ce ba sa mutuwa."

Da shukar ta yi yawa, ta rarraba wa maƙwabta. 'Yar Baba Direba ma ta zo da gwangwani.

"Gwaggo, ni ma a sam mini."

"Da so samu ne, 'yata, da na ba ki yanzu. Amma ɗakinku ɗaya da Baba. Ya zo ya ce ya yi kuskure, in ba ki wadda ta fi tsawo."

Yanzu kowace taga a gidan akwai kore yana lilo, ban da tasa. 'Yar na fushi da shi. Yana zuwa ƙofar mai ɗinki, ya yi gyaran murya, ya tambayi ko an kawo wuta, ya juya.

Har yau bai faɗa ba.

Darasi: In an ba ka amana da bayani, bi bayanin, ka ajiye iyawarka. In ka ɓata, girma ba ya biya maka. Buɗe baki ka ce ka yi kuskure, a gaban wanda ka cuta. Ku tura wannan ga duk mai irin halin Baba Direba, ko ya ji kunya ya je ya ba da haƙuri.