Yarima Ukasha da Furen Manta-Uwa

A zamanin da mutane da aljanu ke cin kasuwa ɗaya, an yi Sarki Zayyanu na birnin Darul Marjan, wanda matarsa Nuwaira ta rasu ta bar goyo. Jaririyar ta ƙi nonon kowace mace, ta ƙi kunu, sai kuka, har ta rame ta lalace. Bokayen fada suka ce ba abin da zai cece ta sai manta-uwa, furen da ake jiƙa wa yaro in an yaye shi don ya manta da uwarsa.

Yayanta Yarima Ukasha ya tafi nema. Ya keta saharar da ke narka kofaton doki, ya ratsa birnin matsafa, inda aka yi ta tallata masa furanni na zinare da lu'ulu'u, ya ƙi su. Bayan kwana arba'in ya isa kurmin giginyu na Barƙash, sarkin aljanu, suka gwabza tun hantsi har la'asar, ya kai shi ƙasa.

Barƙash ya ce, "Ya kai ɗan Adam, ka yi galaba. Daina duban ƙasa, abin da kake nema ba ya taɓa ta. Ga shi can maƙale a wuyan giginya, saiwoyinsa fari fat suna kallon sama, furensa ruwan ɗorawa da ɗigo-ɗigo kamar fatar damisa. Amma iri biyu ne, ɗaya dafi, kuma ido ba ya raba su sai harshe. Dafin ba ya kashe babba, jariri yake kashewa."

"In na ɗanɗani na gaskiyar fa?"

"Zai yi maka aikinsa."

Wallahi jarumin da bai ji tsoron aljani ba, nan ya zauna ya yi kuka. Ya tuna muryar mahaifiyarsa da ƙamshin zanenta, ya kira sunanta sau uku. Sannan ya hau. Na fari ya ƙona masa harshe, ya tofar. Na biyu ya tauna.

Ya komo gida da furen, tare da Gimbiya Lu'ubatu, 'yar Barƙash, wadda uban ya ba shi aure. Jaririya ta sha jiƙon, ta karɓi kunu, ta rayu. Aka ɗaura auren Ukasha da gimbiyar, Sarki ya yi murabus ya naɗa ɗansa.

Da aka watse, tsohon ya kama hannunsa zuwa wani kabari a bayan fada, ya ce, "Nuwaira, ga ɗanki ya cika aiki."

Ukasha ya yi addu'a cikin ladabi, ya shafa, ya ce, "Allah Ya jiƙanta. Baba, wace ce?"