Ƙofar da Sama'ilu Ya Toshe da Dalma

Akwai wani maƙeri a Roni, tun zamanin da ake kashe kwabo mai huji, sunansa Sama'ilu. A faɗi gaskiya, mutumin nan ya iya aikinsa. Buta ta huje, fitila tana yoyo, bokiti ya cinye a gindi, har daga Gwiwa da Yankwashi wurinsa ake kawowa. Zai ɗiga dalma ya shafe, ka nemi inda hujin yake ka rasa.

Sai dai fa bakinsa ya fi hannunsa sauri. In ka ce masa sannu da aiki, sai ya ba ka tarihin butocin da ya ceta tun yana saurayi.

Abin da ya fi ji da shi a duniya shi ne uwar maƙerarsa, wato ƙarfen nan da ake ɗora aiki a kai a buga. Ta mahaifinsu ce, shi ma wurin nasa uban ya gada.

Wata shekara bayan an sayar da gyaɗa, ya je Kano sayo dalma. A wurin 'yan gwanjo ya ci karo da ɗan kan jirgin ƙasa na wasa, cikin tarkacen wani Bature da ya koma ƙasarsu. Tsawonsa bai kai kamu ɗaya ba. Tagullar jikinsa ta yi tsanwa, ƙafafunsa sun kama da tsatsa. Mai gwanjon ya ce ana zuba ruwa a 'yar tukunyarsa, a kunna wuta a ƙarƙashi, ya yi tafiya da kansa kamar babban, amma ya yi shekaru a jibge ba wanda ya taɓa shi.

Sama'ilu ya saye, ya naɗe a tsumma, ya taho gida yana ta murmushi shi kaɗai.

Ranar kasuwa ya ajiye shi a gaban rumfa don mutane su gani. Rumfar da ke kallon tasa ta Daudu ce, ɗan kawunsu, shi ma maƙeri. Kun san taubasai, ba sa ganin juna su yi shiru. Daudu ya leƙo, ya ƙare wa abin kallo, ya fashe da dariya.

"Sama'ilu, tun daga Kano ka ɗauko gawa? Ai da ka faɗa mini na taya ka haƙa kabari."

Mutane suka kwashe da dariya. Ran Sama'ilu ya ɓaci, ya miƙe tsaye yana buga ƙirji.

"Ku shaida! Kasuwa mai zuwa, in jirgin nan bai yi tafiya a gabanku ba, da aikin hannuna ni kaɗai, ba mai sa mini ko ɗan yatsa, to uwar maƙerar ubana ta zama ta Daudu."

Daudu ya ce, "Haba, wasa fa nake yi, ka janye."

"Ni ba na janye magana."

To, ka ji fa. Baki shi kan yanka wuya.

A gidan Sama'ilu akwai yayarsa Fatu, wadda ta dawo gida bayan rasuwar mijinta, tana dambu tana sayarwa a kasuwa. Ita ta yi wa mahaifinsu zugar wuta a maƙera shekara da shekaru, tun Sama'ilu bai iya ɗaura wando ba. Amma shi a wurinsa, Yaya Fatu mai dambu ce kawai.

Ya zauna a zaure ya kama aiki. Ya jiƙa tsamiya ya tsoma jirgin, ya kwana biyu a ciki. Ya fito da shi ya murje da toka mai laushi da ɓawon lemun tsami, har tsanwar nan ta fita, jan tagulla ya bayyana. Ya sa gashin kaza yana ɗiga man gyaɗa a kowace gaɓa, yana juya ƙafafun da yatsa, sai da suka saki suna wulwulawa. Wallahi aikin ya yi kyau, wannan kam ba mai ƙwace masa. Duk wanda ya shigo zauren sai ya ce tubarkalla.

Kwana biyar ya ce bari ya gwada. Ya zuba ruwa, ya jiƙa auduga da kananzir, ya kunna a ƙarƙashin tukunyar. Ruwa ya fara ƙugi. Ƙafafu ko motsi. Can sai wata 'yar ƙofa a saman tukunyar, mai ɗan murfi da bai fi ƙwayar wake ba, ta ɗaga ta yi fiiii, tururi ya fito.

Sama'ilu ya tafa hannu. "Yawwa, na kama ɓarawon! Yoyo ne."

Kun ga, mutumin da ya yi shekara ashirin yana toshe huji, duk hujin da ya gani abokin gaba ne. Ya kashe wutar, ya narka dalma, ya liƙe 'yar ƙofar nan tam.

Fatu ta kawo masa fura, ta tsaya tana kallo.

"Sama'ilu, wannan ba yoyo ba ne. Dubi bakinta, da gangan aka yi ta. Ko madambacina in na ɗaure shi da tsumma, sai na bar wa tururi hanya ta sama. Tukunyar da ba ta numfashi fashewa take. Ni a ganina hanyar da ke kai tururin ƙafafu ce a toshe, shi ya sa ya nemi sama."

Ko ɗago kai bai yi ba.

"Yaya, na taɓa shiga madafa na koya miki turara tsaki? Wannan ƙarfe ne, ba dambu ba."

"To ka sake gwadawa mana, ka tsaya daga nesa."

"Gwani ba ya gwaji sau biyu."

Maganar ta yi mata zafi, don har sai da idonta ya kawo ruwa. Ta ajiye furar ta koma ciki. Shi kuwa ya naɗe jirginsa a tsumma ya ɗora a saman kantar zaure.

Ana gobe kasuwa ya tafi ɗaurin aure Yankwashi tun da hantsi. Fatu ta yi ta kai-komo tsakanin madafa da zaure. Ta san sharaɗin da ya gindaya, ta san in ta taɓa jirgin ta jefa maƙerar ubansu cikin haɗari. Amma ta kuma san yadda ƙanenta ke aiki, yakan kai fuskarsa har hancinsa ya kusa taɓa abin da ke kan wuta.

Ta ce a ranta, "Ƙarfe dai ana samun wani. Ido fa?"

Ta sauko da jirgin. Ta cusa basilla a garwashi ta yi ja, ta riƙa ɗora ta a kan liƙin, tana sakewa, har dalmar ta narke ta ɗiga a sakaina. Sannan ta bi siririn bututun da ya taso daga tukunya zuwa ƙafafu. Ta zura tsinken tsintsiya, ya tafi kaɗan ya cije. Ta ɗura ruwan tsamiya mai ɗumi, ta jira, ta sake zurawa. Sai ga jar laka tana fitowa. Ashe zanzaro ne ya yi gini a ciki tun jirgin yana jibge. Ta kafa baki ta hura da ƙarfi, ƙafafun suka ɗan juya.

Ta goge shi, ta naɗe yadda ta same shi, ta ƙulle ɗigon dalmar a bakin zanenta.

Washegari kasuwa ta cika, har Fulanin da suka kawo nono sun ajiye ƙwarya sun zo kallo. Sama'ilu ya shimfiɗa dogon katako, ya zuba ruwa, ya kunna wuta, yana ta surutu ko duban jirgin da kyau bai yi ba. Ya durƙusa ya kai fuskarsa daf da tukunyar.

Ruwa ya yi ƙugi. Sai fiiii, tururi ta 'yar ƙofar nan.

Sama'ilu ya ƙura wa ƙofar ido. Shi da ya liƙe ta da hannunsa! Kafin ya gama mamaki, ƙafafu suka motsa. Cak, cak, cak-cak-cak, jirgi ya kama hanya a kan katako yana huci. Kasuwa ta ɗauki sowa, wata tsohuwa ta ranta a na kare tana salati.

Cikin taron akwai Baba Kura mai kanwa, dattijon da ya yi ƙuruciyarsa yana zuba gawayi a babban jirgi kafin ya zo Roni ya zauna. Ya matso ya kama hannun Sama'ilu.

"Ɗana, yau na sallama maka. Ba gogewar ce ta burge ni ba, wannan 'yar ƙofar da ka bari ce. Mu a babban jirgi ita ake fara nuna mana, a ce ko uwarka ce ta aiko ka, kada ka taɓa ta. Wani maƙerin da ya ga tana huci sai ya liƙe. Da an yi haka, kana durƙushen nan za ta tarwatse, tafasasshen ruwa da ɓarɓashin tagulla su watsu a idonka. Da yanzu jagora ake nema maka."

Sama'ilu ya waiwaya can gefe inda Fatu ke zaune gaban kwanon dambunta. Ta kwance bakin zane, ta buɗe tafin hannunta, ga ɗigon dalma.

Daudu ya ce, "To taubashi, ka ci. Maƙera taka ce."

Jama'a, ku duba wannan wuri. Ba wanda ya sani sai shi da yayarsa, kuma ya tabbata har ta mutu ba za ta tona shi ba. In ya yi shiru, ga suna ga maƙera. In ya yi magana, ya rasa gadon ubansa a gaban duk kasuwa.

Ya miƙe, ya fuskanci dattijon.

"Baba, maƙerin da ka ce zai liƙe ƙofar, ni ne. Na liƙe ta. Yaya Fatu ta hana ni, na ce ta koma madafa. Ita ta buɗe, ita ta tayar da jirgin nan. Na ce ba mai sa mini hannu, kuma an sa. Daudu, zo ka ɗauki kayanka."

Ya ratsa mutane, ya je gaban kwanon dambu ya durƙusa har ƙasa. "Yaya, ki yafe mini."

Fatu ta share hawaye da gefen mayafi. "Tashi, mutane suna kallo. Idonka dai yana nan, shi na nema."

Daudu ya je ya dafa uwar maƙerar, ya ɗaga murya. "Kun shaida ta zama tawa?"

Aka ce an shaida.

"To ku sake shaidawa, na ba Fatu ita halak malak. Dama a gidanku ita ta gaji kan mahaifinku. Kai kuma Sama'ilu, in kana son yin ƙira, sai ka nemi aro wurin mai dambu."

Kasuwa ta ɓarke da dariya, har shi Sama'ilun sai da ya dara.

Kuma haka aka yi. Tun daga ranar, kullum da safe kafin ya hura wuta, sai ya tsaya a ƙofar madafa ya gaishe ta, ya ce, "Yaya, a ara mini maƙera." Wata rana ta ce ɗauka. Wata rana kuma ta ce, "Sai ka sauke mini tukunyar nan tukuna." Ya sauke.

Darasi: Ba kowane huji ba ne ɓarna, kuma ba kowane mai ce maka "tsaya" ne maƙiyinka ba. Wanda yake faɗa maka gaskiya a gida shi ne ƙofar numfashinka, ranar da girman kai ya sa ka toshe bakinsa, ranar ka fara shirin fashewa. In kuma ka yi kuskure, ka amsa shi da bakinka ko da zai ci maka abin da ka fi so. Ku tura wa 'yan'uwa su karanta, musamman wanda kuka san yana da Yaya Fatu a gidansu amma bai san darajarta ba.