Dalilin da Ya Sa Yaro Ke Rarrafe Kafin Ya Taka

Dalilin da ya sa ɗan mutum ke jan ciki, ya yi rarrafe, ya sha faɗuwa kafin ya taka, alhali ɗan akuya ranar da aka haife shi yake tsalle, shi zan gaya muku yau, tunda na ga kun mai da ƙanwarku abin dariya don ta zube a bakin ƙofa. Ku matso. Kai kuma Nomau, kama bakinka. Kai da ka shekara biyu kana share mana tsakar gida da gwiwa, ina ka ga bakin yi wa wani dariya?

A can da, tun kakannin kakanninmu ba su zo duniya ba, jariri ba ya kwanciya. Ungozoma na yanke cibi, sai ya miƙe a kan ƙafafunsa ya kama hanya. Ƙafa ta iya tafiya, amma kan bai san komai ba. Bai san wuta ba, bai san rijiya ba, balle wadda ta haife shi. Mai sauran kwana a tsinto shi a gonar wani, wanda ya miƙi daji kuwa sai dai haƙuri. Sau da yawa akan yi taron suna babu mai sunan.

To, akwai wata mata mai ginin tukwane, ana ce mata Tasalla. Haihuwa huɗu ta yi, ba wanda ya kwana bakwai a ɗakinta. Na fari ya bi garken shanu, na biyu ya nufi kogi, sauran biyun ko sawunsu ba a gani ba. Nono ya cika ya yi ta zuba, babu mai sha. Baƙin ciki ya cinye ta har zane ba ya zama a ƙugunta.

Da cikin na biyar ya tsufa, sai ta tafi ramin da take haƙo yumɓu, ta durƙusa ta yi kuka mai isarta. A wancan zamani, da ikon Allah, Ƙasa takan yi magana da wanda ya saba da ita, kuma ba wanda ya kai magina sabo da ita. Ƙasa ta tambaye ta abin da ya same ta, Tasalla ta kwashe duka ta faɗa mata.

Tasalla ta ce, "Ni ban taɓa ɗora ɗanyar tukunya a murhu ba. Sai ta sha inuwa, ta bushe a hankali. Ɗan mutum ma ɗanye yake zuwa. Ki riƙe mini wannan."

Ƙasa ta ce ta ji. In an haihu, a haƙa rami a bayan ɗaki a binne mabiyiya, abin nan da ke biyo jariri, domin abin da aka ba ta ajiya ba ya zuwa ko'ina. Tasalla ta tashi da murna ta tafi. Ku ji fa, macen da ta san kwana nawa randa ke yi kafin ta bushe, ita ce ta manta ba ta yanka wa Ƙasa rana ba.

Ta haifi namiji, aka binne mabiyiya, yaro kuwa ya kwanta lamo a cinyarta yana tsotson hannu. Gari kaf ya taso kallo. Tsofaffi suka yi ta salati, don ba su taɓa ganin jariri a kwance ba. Ranar bakwai aka raɗa masa suna Dogara, yana hannun uwarsa. Ita ce mace ta farko da ta yi goyo. Kafin shekara ta zagayo, duk mai ciki a garin ta sa an haƙa mata rami a bayan ɗaki.

Dogara ya fara gane fuskarta, in ta leƙo sai ya washe baki. Ya koyi zama, yana tangaɗi ana tokare shi da tsumma. Haƙora biyu suka tsiro, ya yi ta zubar da miyau yana cizon duk abin da ya samu. Ya ja ciki, ya yi rarrafe. Ranar da ya ce "Inna", Tasalla ta saki tukunyar da ke hannunta ta fashe, ko kallonta ba ta yi ba.

Ashe ita ma Ƙasa ta kamu da son yaron. Tun da aka shimfiɗa ta, sai dai a taka ta, a sare ta da fartanya, a tofa mata yawu. Ba wanda ya taɓa shafa ta da tafin hannu, ya kwantar da kumatunsa a kanta, har ya damƙo ta ya kai baki yana murna, sai Dogara.

Aka yaye shi, bai tashi ba. Ya shekara uku, bai tashi ba. In ya dafa turmi ya miƙe, sai ƙafafun su lanƙwashe kamar ɗanyen yumɓu. Wata rana Tasalla ta gan shi ya ƙura wa ɗan akuya ido yana ta tsalle-tsalle, sannan ya sunkuya ya dubi nasa ƙafafun. Nan take ta gane abin da ta jawo wa ɗanta.

Ta koma ramin yumɓu ta roƙi a sake shi. Ƙasa ta ce sam, ajiya aka ba ta, ba a faɗi rana ba, kuma ita ma tana son sa. Tasalla ta ce tukunya in ta bushe fitar da ita ake yi daga inuwa a kai ta wuta, in ba haka ba har abada ba za ta riƙe ruwa ba. Sai Ƙasa ta ce da kanta dai ba za ta sake shi ba, amma Tasalla ta tsaya ta kira shi, ita kuma za ta ja. In ya faɗi Tasalla ta sa hannu ta ɗaga shi, ya zama na Ƙasa ke nan.

Ƙasa ta ƙara da cewa, "Ki sani, ƙafar da kike roƙo ita ce ta raba ki da huɗu."

Tasalla ta ce, "Na sani. Ki ba shi."

Da hantsi ta share tsakar gida, ta tsince tsakuwa ɗaya bayan ɗaya. Ta jira Dogara ya dafa turmi ya miƙe, sannan ta ja da baya, ta miƙa hannuwa tana cewa ta-ta-ta, ta-ta-ta. Ya saki turmin, Ƙasa ta fizge shi, tim! Ya ɗago ya dubi fuskar uwarsa don ya san ko abin kuka ne. Zuciyarta kamar ta tsage, tana son ɗaukarsa, amma ta daure ta yi dariya, ta tafa masa, ta doki ƙasa da tafin hannu tana yi mata faɗa wai don me ta kayar mata da ɗa. Yaro ya ƙyalƙyale, ya turo gindi sama, ya sake miƙewa.

Haka suka yi ta yi, Ƙasa na ja, uwa na kira, har gwiwoyinsa suka kuje, har muryarta ta dushe. Can wajen la'asar ya ɗaga hannuwa sama, ya jefa ƙafa ɗaya, ta zauna. Ya jefa ta biyu. Sai aka ji gari ya yi tsit, kaji suka daina tono, tukwanen da ke jere a inuwa suka yi ta karo da juna ba wanda ya taɓa su. Ƙasa ce ta yi ajiyar zuciya. Dogara ya ƙaraso ya kama yatsan uwarsa.

Ƙasa ta ce, "Na sake shi, Tasalla, amma aro ne. Duk nisan da zai yi a kaina zai taka, ranar da ya gaji kuma ni zan goya shi."

Ba ta rufe baki ba yaron ya saki yatsan, ya nufi ƙofar gida yana tangal-tangal. Tasalla ba ta tare shi ba. Ta bi bayansa a sunkuye, hannuwanta a buɗe, ba ta taɓa shi ba.

Shi ya sa har yau ake binne mabiyiya, yaro kuma sai ya gama rarrafensa da cin ƙasarsa kafin a sake shi, ba kuma ya tashi sai ya sha kaye. Shi ya sa ma ranar da yaro ya fara takawa za ku ga uwarsa tana tafi tana dariya, in ya wuce ta kuma ta sa bakin zane ta goge ido. In kun gani, kada ku tambaye ta.