Tafintan da Ya Ƙi Jan Biro

Akwai wani manomi a wani ƙauye, mutum mai ƙwazo, wanda Allah ya ba shi baki. Sunansa Habila, amma sunan ya kusa ɓacewa, gama kowa Tafinta yake ce masa. Duk ranar da baƙon mai wa'azi ya zo da Turanci, shi ne yake tsayawa a gefensa yana juya maganar zuwa Hausa. Kafin baƙo ya rufe baki Tafinta ya riga ya cafe, har yakan ƙara gishiri inda ya ga baƙon ya yi ƙwauro. Tsofaffi sukan ce wa'azin ya fi daɗi a bakinsa fiye da bakin mai shi. Shi kuwa sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Alherin Allah ne." Amma in ka lura da yadda yake gyara wuyan rigarsa, ka san maganar ta yi masa daɗi har cikin rai.

Ana nan sai labari ya zo cewa wata makarantar aikin gona a wata ƙasa mai nisa ta ba ikilisiyoyin yankin gurbin mutum ɗaya, ya je ya koyi yadda ake raya ƙasar da ta gaji, ya dawo ya koya wa 'yan'uwansa. Ƙasar ƙauyen kuwa ta gaji ƙwarai. Rumbunan da a dā suke kai mutane har wata kaka, yanzu tun damina ba ta yi nisa ba ake ganin gindinsu. Dattawa ba su ɓata lokaci wajen shawara ba, suka ce Tafinta ne zai tafi. Sharaɗi ɗaya ne kawai: sai ya ci jarrabawar Turanci, wadda ake gwada mutum a ji, da magana, da karatu, da rubutu.

Da ya ji haka sai ya yi dariya ya ce, "Ni za a gwada a Turanci?" Ya tafi birni ya rubuta, ya dawo yana taku ɗaiɗai. Da sakamako ya fito, sai ga shi ya ci ji da magana da karatu, amma rubutu ya kayar da shi. Makarantar ta yarda ya sake gwadawa sau ɗaya a ƙarshen damina. In ya sake faɗuwa, za a ba wani yanki gurbin, ƙauyen kuma ya zauna da gajiyayyiyar ƙasarsa.

A cikin ƙauyen akwai wata tsohuwar malamar makaranta da ta yi ritaya, sunanta Malama Briskila. Ita ce ta koya wa Tafinta riƙe alli tun yana ƙarami, ita kaɗai ce kuma ta rage da take kiransa da sunansa. Dattawa suka matsa masa ya je wurinta. Ya je, ba don ya yarda yana da buƙata ba, sai don ta shaida wa mutane cewa masu duba jarrabawa ne suka yi kuskure.

Malama ta ba shi tambaya irin wadda ake yi a jarrabawar: ya fi kyau matasa su zauna a ƙauye, ko su tafi birni? Ta ɗibar masa lokaci kaɗan, kamar yadda ake yi a can.

Tafinta kuwa ɗan gidan tarbiyya ne, bai taɓa faɗa wa babba magana ba tare da gaisuwa ba. Saboda haka ya fara da godiya ga Allah wanda ya kawo mu wannan rana. Sa'an nan ya gai da mai duba takarda, ya tambayi lafiyarsa, da ta iyalinsa, da gajiyar aiki. Ya roƙi gafara cewa shi ƙaramin mutum ne, bai isa ya yi magana a kan babban al'amari irin wannan ba. Da ya shiga zancen kuma, sai halin tafinta ya motsa: kowace magana sai ya faɗe ta, ya sake faɗinta da waɗansu kalmomi don na baya su ji. Yana shirin bayyana ra'ayinsa ke nan Malama ta ce lokaci ya cika.

Kashegari ta mayar masa da takardar. Jan biro ya bi ta tun daga sama har ƙasa. An ja layi a kan gaisuwar duka. A gefe ta rubuta, "Ina amsar?" A wani wuri, "Ka riga ka faɗi wannan." A can ƙasa kuma, "Ba da misali daga abin da ka sani."

Ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya ce, "Mama, har godiya ga Allah kika soke?"

Ta ce, "Ban hana ka godiya ba, Habila. Ka gode masa kafin ka ɗauki biro, ka gode masa bayan ka ajiye. Amma mai duba takardar nan ba surukinka ba ne, ba zai amsa gaisuwa ba. Tambaya ya yi maka, amsa yake jira."

Ya ce, "To, nuna mini jimla ɗaya da Turancinta ya karkace."

Ta ce, "Babu. Duka lafiyarsu lau. Sun dai yi yawa ne, sun danne wadda ake nema."

Ya naɗe takardar ya fita ba ko sallama, shi da yake faɗa a kan gaisuwa. Ranar Lahadi bayan sujada ya karanta wa dattawa rubutun a gindin bishiya, da babbar murya, ya tsallake abin da aka rubuta da ja. Dattawan nan ba mai jin Turanci a cikinsu, amma suka gyaɗa kai suka ce, "Kai, madalla! Wannan ai ko Bature sai haka." Tafinta ya ji sanyi a ransa. Ya soke takardar a cikin jinkar ɗaki, ya daina bin hanyar gidan Malama.

Ruwa ya sauka, aka yi shuka, shuka ta tsiro, ranar jarrabawa tana ta matsowa. Tafinta yana ta rubutu shi kaɗai, yana ta yaba wa kansa, amma can cikin zuciyarsa akwai tsoro, gama ya san irin wannan rubutun ne ya kayar da shi.

Wata safiya rafi ya cika ya tare hanyar da ya saba bi, dole ya zaga ta bayan gidan Malama. A nan ya ga 'yar gonar da ta shuka gero. Ita dai aikin malanta ta yi duk rayuwarta, wannan ne karo na fari da ta yi noma da hannunta. Ta zuba iri da hannu sake, duka kuwa suka fito, kowane rami ya cika cunkus da tsiro. Tana tsaye a tsakiya tana kallonsu tana murna.

Tafinta ya so ya wuce, amma manomi ne, idonsa bai iya jurewa ba. Ya gaishe ta a daddafe, ya ajiye fartanya, ya sunkuya ya fara cire tsiron, yana barin biyu ko uku a rami.

Malama ta ɗora hannu a ka ta ce, "Wayyo, Habila! Me suka yi maka? Dubi yadda suke kore shar! Da hannuna na shuka su."

Ya ce, "Mama, ban ce suna da ciwo ba. Duka lafiyarsu lau. Sun dai yi yawa ne. In kika bar su haka, ganye za ki girba, ba zangarniya ba, gama za su danne..."

Sai ya tsaya da tsiro a hannu, ya ji muryarta a cikin bakinsa.

Malama ba ta ce masa "ka gani" ba. Hankalinta ma yana kan geronta. Ta dubi waɗanda aka cire, da gani ka san abin ya yi mata zafi. Sa'an nan ta ɗaure zane da kyau, ta durƙusa kusa da shi da tsofaffin gwiwoyinta, ta ce, "To, kai ka san aikin. Nuna mini wanda zan bari."

Ya nuna mata. Ta cire mai ƙarfi ta bar rarrauna, ya ce ba haka ba. Ta ce, "Na gode, sake nuna mini." Ta sake kuskure, ya sake gyara mata, ta sake godiya. Matar da ta koyar da rabin ƙauyen, ga ta a durƙushe tana karɓar gyara daga hannun yaron da ta koya wa baƙaƙe, ko fuskarta ba ta canja ba. Kunya ta rufe Tafinta.

Da la'asar ya zaro takardar daga jinka, ya kaɗe ƙurarta, ya tafi gidan Malama. Ya durƙusa ya miƙa mata da hannu biyu ya ce, "Mama, nuna mini wanda zan bari."

Daga ranar ya kama aiki. Malama ba ta taɓa rubuta masa ko layi ɗaya ba. Takan nuna masa wurin, ta faɗi dalili, shi kuwa ya koma ya sake rubuta wannan tambayar dai, har sai amsar ta tsaya da ƙafarta, sa'an nan a ba shi wata. Ya koyi sa amsa tun a farko. Ya koyi ba kowace hujja filinta, ya kawo mata misali daga gona ko kasuwa, ya wuce. Inda bai gane jan layi ba, yakan tambaya. Wata rana ma ya yi gardama a kan wani wuri, Malama ta sake dubawa ta ce, "Kai ne da gaskiya," ta soke gyaran nata. Masu tsegumi suka ce Tafinta ya koma firamare da gemunsa. Ya ji, abin ya sosa masa rai, amma bai fasa ba. A hankali jan ya dinga raguwa.

Ranar jarrabawa, da ya ɗauki biro, hannunsa ya yi ta ƙaiƙayin gaisuwa. Ya rufe ido ya gode wa Allah a zuciyarsa, ya buɗe, ya fara da amsa. Ya gama har da sauran lokacin da ya sake dubawa.

Sakamako ya iso da kaka, gab da Lahadin godiyar girbi, ranar da kowa yake kawo nunan fari na gonarsa gaban ikilisiya. Malama Briskila ta shigo da damin gero, zangarnu manya manya, tana tafiya kamar ba ita ce mai ciwon gwiwa ba. Aka sanar cewa Tafinta ya ci, gurbin ya tabbata na ƙauyen. Mata suka rangaɗa guɗa. Aka ce ya fito ya nuna takardar sakamako.

Ya fito, amma abin da ya ɗaga sama ita ce tsohuwar takardar nan mai jan biro, da tabon hayaƙin jinka a jikinta. Ya ce, "Dattawa, ku gafarce ni. Ranar da na karanta muku wannan, na tsallake inda ya fi amfani. Ku dubi jan nan da kyau. Da shi nake alfahari."

Sa'an nan ya juya wurin Malama ya durƙusa, ya yi mata gaisuwar nan da ta soke, tun daga farko har ƙarshe: lafiyarta, da iyali, da gajiyar aiki, da godiya ga Allah wanda ya kawo su wannan rana. Ta bar shi ya yi ta duka, tana amsa kowace ɗaya, hawaye yana zubo mata. Ba ta cire ko kalma ba.

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwa: Tafinta shi ne kowane ɗayanmu da Allah ya ba baiwa. Baiwar gaskiya ce, ba ƙarya ba. Tsiron da aka cire su ne abubuwan da muke ƙauna a cikin aikinmu da halinmu, waɗanda sau da yawa ba mugaye ba ne, sun dai tsaya inda ba wurinsu ba, suna hana amfani fitowa. Dattawan gindin bishiya su ne masu yabonmu ba tare da sun duba ba. Suna ƙaunarmu, amma yabonsu ba zai tsaya mana ranar gwaji ba. Jan biro kuwa shi ne gyaran da Ubangiji yake aiko mana ta hannun iyaye, da malamai, da abokai masu faɗin gaskiya. Ba wanda yake zama ya bi takardarka layi layi sai wanda yake so ka ci.

Ku 'yan makaranta da kuke shirin jarrabawa, na san abin da waɗansunku suke yi. Kukan duba maki, ku naɗe takarda, ku cusa ta a ƙasan jaka. Ku zaro ta. Ku karanta abin da aka rubuta a gefe, ku tambayi dalili, ku sake rubutawa. Mu manya kuma kada mu ce zancen yara ne. Wani an gaya masa gaskiya a kan fushinsa, wata a kan harshenta, tun ranar kuwa suka canja hanya don kada su haɗu da wanda ya faɗa.

Ku tuna, ba wa'azi ne ya karya girmankan Tafinta ba. Tsohuwa ya gani ta durƙusa ta karɓi gyara, girmanta kuwa bai ragu ba. Akwai alfaharin da yake ɓoye takarda a jinka, akwai wanda yake ɗaga ta gaban jama'a. Allah ya ba mu na biyun. Kafin Lahadi mai zuwa, kowa ya nemi mutumin nan da ya daina bin ƙofar gidansa, ya je ya ce masa, "Nuna mini wanda zan bari."