Geron da Aka Gwada a Makwancin Shanu

Akwai wani manomi a wani ƙauye kusa da Makoda, ana kiransa Malam Iliyasu. Noma kam ya iya shi, wannan babu ja. Sai dai mutum ne da in ya faɗi magana, ko duk garin zai taru a kansa ba ya janyewa.

Irin geron da yake shukawa na gado ne tun daga kakansa. Duk kaka yakan zaɓi manyan zangarniyoyi ya rataye a ɗakin girki, hayaƙi ya tsare su daga ƙwari. Geron ba ya cika ido, amma bai taɓa barin gidan da yunwa ba. Rabin ƙauyen ma daga hannunsa suka samu irin.

Wata shekara ya samo wani sabon iri a kasuwa, ya shuka kunyoyi biyu a ƙarshen gonarsa ta gabas. Da kaka ta yi, zangarniyar ta fito kamar damtsen ƙato. Malam Iliyasu ya ɗauki guda yana yawo da ita majalisa-majalisa, yana cewa zamanin tsohon iri ya wuce.

Yana da ’ya mai suna Nana Hafsat, tana aji shida a sakandare. A zangon nan malamin lissafinsu, Malam Tajuddeen, ya koya musu yadda ake gwada zato. Ya ce kafin ka yarda sabon abu ya fi tsoho, ka fara ɗauka babu bambanci tsakaninsu. Sai ka gwada a wurare da yawa, har bambancin ya yi girman da zai yi wuya a ce dace ne kawai.

Yarinyar ta je ta duba kunyoyin nan biyu. Da yamma ta kai wa mahaifinta ruwa, ta durƙusa.

“Baba, wurin da ka shuka sabon irin nan, ba nan ne makiyaya suka kwana da shanunsu wata biyu da rani ba?”

“Nan ne. Sai me?”

“Ina tsoron ko takin ne ya yi aikin, ba irin ba. Da za ka yarda, baɗi mu ware kunyoyi ashirin a wurare daban-daban, mu yi ƙuri’a, goma sabo goma tsoho. In sabon ya fi da gaske, awo zai nuna.”

Malam Iliyasu ya yi dariya har da tafa hannu.

“Shekara arba’in ina riƙe da fartanya, yau ke za ki koya mini gero da biro? Abin da idona ya gani ne zan tsaya yi wa ƙuri’a?”

“To Baba, ko dami ɗaya na tsohon a ajiye.”

“Tashi ki ba ni wuri.”

Wannan magana ta dami ɗaya ita ce ta fi min ciwo a labarin nan. Ba ta ce sabon irin ba shi da kyau ba. Cewa ta yi ba a sani ba tukuna.

Don ya nuna ya tabbata, sai ya sa matarsa Asiya ta sauke zangarniyoyin da ke rataye, aka sussuke, aka yi tuwo da fura da su. Ya bi maƙwabta yana zuga su, yana yi wa masu ɗari-ɗari dariya. Su kuma da yake a wurinsa suka saba karɓar iri, suka bi shi.

Damina ta zo, kowa ya shuka sabo. A jigawar da ba ta sha taki ba, geron ya tsaya iya gwiwa, ya yi rawaya. Ruwa kuma ya ɗauke da wuri, lokacin da tsohon iri da tuni ya nuna. Gonar da ta saba ba da dami sittin, goma sha ɗaya aka ɗaure.

Kafin wata uku bayan girbi, an koma cin abinci sau ɗaya a gidan. Nana Hafsat ba ta taɓa cewa “ai na faɗa” ba, shirun nata ma ya fi damunsa.

Da bazara ta kawo jiki, ya ajiye girman kai ya nufi gidan Sabiru, maƙwabcinsa kuma abokinsa tun ƙuruciya.

“Sabiru, ko tiya ɗaya ta tsohon irin nan ka taimaka min da ita.”

Sabiru ya girgiza kai.

“Malam Iliyasu, ai kai ka ce mu cinye. Mun cinye.”

Gida bakwai ya shiga a ranar, amsar duk ɗaya ce.

Darasi: Gani sau ɗaya ba hujja ba ce. Kafin ka saki abin da ke hannunka, ka gwada sabon a wurare da yawa, ka tambayi kanka ko dace ne kawai. Kuma in ɗanka ya zo da ilimi, ka saurare shi ko da kai ka haife shi. Ku tura wa ’yan uwa manoma da iyayen ɗalibai tun kafin a sa iri a ƙasa.