Allunan da Ba Su Sha Ruwa Ba

Corin Haslam mai zane ne, amma ba irin masu kulle kansu a ɗaki ba. Shi aikinsa tara mutane. Shi yake shirya baje kolin zane-zane a garuruwanmu na Derbyshire da ke ƙasar Ingila, shi ya sa 'yan makaranta suka yi wa bangon kasuwa ado, har ya taɓa zaunar da tsofaffin masu fasa dutse suka zana hannayen juna. Mutum ne mai kirki, mai son tambaya. Aibinsa guda ne. In ya tambayi dalilin abu aka kasa gaya masa nan take, sai ya yanke cewa abin ba shi da dalili. Ba ya iya jira, ko na amsa ko na lokaci.

Ni sunana Hettie, ina aiki a gidan burodin ƙauyenmu, Birchlow. Ban yi nisa a makaranta ba. Ɗan abin da na sani, daga motar laburare mai zuwa ran Talata na samo shi.

Kowane watan Yuni muna yi wa rijiyar ƙauye ado, don gode wa Allah da ruwan da bai taɓa ƙafewa ba. A shafa yumɓu a kan alluna na katako, a jera fallayen furanni da iri da gansakuka a kai har su zama hoto, a kafa a bayan rijiyar. Mako guda yake yi ya bushe. Gwaggo Doreen, yayar kakana, ta shekara sittin da shida tana jagorantar jera furen. A shekarar da nake ba da labari likita ya gaya mata cewa kafin sanyi ya shigo ganinta zai tafi gaba ɗaya. Kowa ya san wannan ne adon rijiya na ƙarshe da za ta gani. Hannayen aiki kuma sun yi ƙaranci, shi ya sa kwamiti ya gayyato Corin.

Ya zo zauren coci da littafin rubutu a hannu, bai ko taɓa shayinsa ba ya fara tambaya.

"Gwaggo, me ya sa ake fara jera furen daga ƙasa zuwa sama?"

"Ɗan nan, ba ka taɓa kallon rufin gida ba? In an yi ruwa ya gangara, kada ya shige ƙarƙashi."

Ya rubuta, fuskarsa cike da murna. Sai ya juya ga Baba Wilf, tsohon makiyayin tumaki, wanda allunan suke hannunsa.

"Baba, an ce kana jefa allunan a kududdufi."

"Kwana goma."

"Me ya sa?"

"Saboda ubana kwana goma yake yi."

"Shi kuma me ya sa?"

"Je ka maƙabartar bayan coci ka tambaye shi. Yana layi na uku, ba ya fita ko'ina."

Aka yi dariya. Corin ya dubi Gwaggo, ta ɗaga kafaɗa. "Ni fure na sani. Katako na Wilf ne." Na lura wannan karon bai rubuta komai ba.

Kafin a tashi ya durƙusa a gaban kujerarta ya tambaye ta abin da take iya gani yanzu.

"Manyan abubuwa, masu haske. Fuskarka dai kamar dankali nake ganinta."

"To bana zan yi miki hoto ninki biyu na wanda aka saba, da launuka masu ƙarfi, yadda za ki gan shi tun daga bakin hanya. Amma da sharaɗi. Ba za ki shiga rumfar aiki ba sai ranar buɗewa. Kin shekara sittin da shida kina yi wa mutane, bana a yi miki."

Ta yi ta ƙunƙuni, amma na ga ta ji daɗi. Ni ma a ranar na fara duban sa da wani ido, ko da yake ban gaya wa kowa ba.

Babban hoto sai da manyan alluna. Corin yana can birni yana fama da wani baje koli, bai aika wa kafinta awo da wuri ba. Sababbin allunan ba su iso ba sai ran Asabar, saura mako guda cif a sa wa rijiya albarka. Jera fure kuwa kwana biyar yake ci.

Baba Wilf ya ƙwanƙwasa katakon da sandarsa. "Tsofaffin suna cikin ruwa tun makon jiya. A yi da su."

"Sun yi ƙanƙanta, Baba. Ba za ta gani ba."

"To a ɗaga ranar."

"An buga takardun sanarwa, an kira 'yan badujala, 'yan jarida za su zo. Ka ba ni dalili ɗaya, ɗaya tak, in ɗaga."

Baba Wilf ya sake ƙwanƙwasa katakon da sandarsa. Corin ya jawo tiyo ya yi awa guda yana fesa wa allunan ruwa, har suka yi duhu suna ɗiga.

"Ga shi, sun jiƙu."

"Yaro, wanka ka yi musu. Ba sha suka yi ba."

Duk da haka tsohon ya tuɓe takalma ya shiga taka yumɓu tare da mu, yana mita.

Tambayar ta hana ni sakat. Me katako yake yi da kwana goma a ruwa? Na duba littattafan da ke gida ban samu ba, motar laburare kuma sai Talata. Ran Litinin da safe na ɗauko guntun sabon katako da kafinta ya bari, na roƙi Baba Wilf wani guntu daga kududdufi. Na shafa wa kowanne yumɓu kauri ɗaya, na ajiye su a tagar bayan gidan burodi.

Gaskiya a faɗe ta, ban taɓa ganin rumfar aiki ta cika irin ta wannan makon ba. Corin ya san yadda ake jawo mutane. Ya kawo matasan da ba sa gaida kowa, ya kawo matar likita da direban motar madara, ya ba kowa kusurwarsa ya sa shi ya ji kamar hoton ba zai yiwu ba sai da shi. Hoton kuwa Gwaggo ce da kanta, tana 'yar shekara goma sha huɗu, riƙe da bokiti a bakin rijiya. Daga wani tsohon hoto da na ara masa ya zana. Ni da shi muka jera sararin sama da shuɗin fure, kafaɗa da kafaɗa. Ya tambaye ni abin da nake karantawa, kuma ya saurari amsar har ƙarshe, abin da ba a saba yi mini ba.

Ran Alhamis da safe na leƙa taga. Yumɓun da ke kan katakon kududdufi yana nan da laushinsa, na danna yatsa ya shiga. Na kan sabon katakon ya tsattsage kamar ƙasan tafkin da ya ƙafe, gefensa ya ɗago. Da na taɓa shi sai ya ɓalle ya faɗo. Nan na gane. Busasshen katako ƙishirwa yake ji, yana shanye ruwan yumɓun ta baya, inda ido ba ya gani. Wanda ya ƙoshi da ruwa shi yake shayar da yumɓun.

Na nannaɗe su a tsumma na ruga rumfa. Corin ya karɓa yana jujjuyawa, idonsa ya yi haske.

"Ashe dalilin ke nan! Kai, abin sha'awa." Sai ya ɗaga kai ya dubi babban hoton, hasken ya mutu.

"Tsofaffin allunan suna nan cikin ruwa," na ce. "Mutum arba'in muke da su. In muka fara yanzu, za mu gama ƙaramin hoto kafin Asabar."

"In ce wa mutum arba'in su watsar da aikin kwana huɗu? Za mu riƙa yayyafa ruwa ta gaba. Kwana biyu ne kawai, zai riƙe." Ya sassauta murya. "Hettie, kada ki gaya wa Gwaggo. Don Allah."

Gidan Gwaggo taku hamsin ne daga rumfar. Da na je, da ta zo da sandarta ta tsayar da komai. Ban je ba. Yadda ya kira sunana ne ya ɗaure mini ƙafa, kuma har yau wannan rabon laifin nawa ne.

Ran Asabar da sassafe aka kafa allunan a bayan rijiya, aka lulluɓe su da farin zane. Rana ta fito da ƙarfi, babu ko ɗigon girgije. Da tsakar rana 'yan badujala suka taho a gaba, Fasto a bayansu, jama'a sun cika hanya har kan katanga. Aka zaunar da Gwaggo a kujerar gaba, da hularta ta zuwa biki. Ina tsaye kusa da allunan, sai na ji wani ɗan sauti a bayan zanen, kamar ana zubar da tsakuwa a hankali.

Corin ya ja igiya, zanen ya sauka.

Hoton ya dare ta ko'ina. Sararin saman da muka jera ya zube rabi. Muna kallo fuskar yarinyar ta zame gaba ɗaya, ta faɗo kan dutsen rijiya ta tarwatse. Bokitin ya bi ta. 'Yan badujala suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya.

Gwaggo ta miƙa wuya, ta ƙanƙance ido.

"Wilf, ni ce ban gani ba, ko babu ne?"

"Babu ne, Doreen."

Ta tashi da sandarta ta je ta shafa katakon inda yumɓu ya ɓalle, ta murza yatsunta.

"Wannan bai kwana a kududdufi ba."

"Gwaggo, laifina ne," in ji Corin. "An gaya mini. Sau biyu aka gaya mini."

"Mene ne a jiki?"

"Ke ce. Kina 'yar sha huɗu, da bokiti."

"Na yi kyau?"

"Kin yi kyau ƙwarai."

"To madalla. Ku kun gani." Ta juya wajen Fasto. "Sa wa ruwan albarka mu tafi, shi bai yi laifin komai ba."

Ganinta ya tafi a watan Nuwamba.

Da shekara ta zagayo Corin ya dawo, ba wanda ya gayyace shi. Tun ƙarshen watan Mayu ya shiga kududdufi har ƙugu, ruwan da sanyinsa yake ratsa ƙashi, yana danne manyan allunan da duwatsu. Baba Wilf yana zaune a gaɓa yana ba da umarni.

"Kwana nawa, Baba?"

"Goma."

"To."

"Yau ba za ka tambayi dalili ba?"

"Na sani ai."

"Ka fi ubana ke nan. Shi har ya mutu bai sani ba, amma hotonsa bai taɓa faɗuwa ba."

Muka sake yin hoton nan, yarinya da bokitinta. Ya tsaya kwana tara ko tsaga babu, mutane suka zo daga nesa suna yabo. Ranar buɗewa ni na riƙe hannun Gwaggo na kai ta gabansa. Ta bi furannin da yatsunta daga ƙasa zuwa sama, a hankali, har iyakar inda hannunta ya kai.

"An jera daidai," ta ce. "Nan sama ce?"

"Sama ce, Gwaggo," in ji Corin.

"Wane irin shuɗi?"

Corin, wanda ya san sunan kowane launi, ya buɗe baki. Na ga yana nema. Gwaggo ta tsaya tana jira, hannunta a kan furen, shi kuma bai sami abin da zai ba ta ba.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, rashin jin dalilin abu ba ya nufin abin ba shi da dalili. Sau da yawa magabata suna bar mana aikin, dalilin ya ɓace a hanya, amma yana nan yana riƙe da komai ta baya kamar ruwa a cikin katako. Tambaya abu ne mai kyau, sai dai wanda ya tambaya ya yi haƙurin neman amsa kafin ya rushe abin da ya taras. Wanda kuma ya gano gaskiya, kamar yadda na gano a taga, kada ƙaunar wani ta rufe masa baki. Hoton da ya faɗi an sake yin sa, amma wadda aka yi dominta ba ta gan shi ba.